Canza Batirin Mota da Hannunka

Malam direba da ke kan hanya, riƙe sitiyarinka da kyau, kunnenka kawai muke so. Na gida kuma, a matso kusa da rediyo.

Yau maganar batirin mota za mu yi. Yadda ake gane ya mutu, yadda ake zaɓen sabo, da yadda mutum zai cire tsohon ya ɗaura sabon da hannunsa. Aiki ne da bai wuce rabin awa ba. Sipana ɗaya ko biyu sun isa. Alhaji zai iya, Hajiya ma za ta iya. Sai dai akwai ƙa'ida guda, wadda zan yi ta maimaitawa har ku gaji da ji. Negetib ke fara fita, negetib ke ƙarshen shiga. A riƙe wannan, bayani na nan tafe.

To, mu fara da tambayar da ya kamata kowa ya yi kafin ya taɓa aljihunsa. Shin batirin ne ya mutu?

Ga yadda abin yake faruwa. Safiyar Litinin ce. Yara sun sa kayan makaranta, sun shige bayan mota. Maigida ya murɗa makulli. Sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas. Fitilun gaban direba suka yi dishi-dishi. Ya sake murɗawa, shiru. Nan take sai ya yanke hukunci, batir ya mutu. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma ba haka ba ne.

Bari in kwatanta muku. Batir randa ne. Wuta yake ajiyewa, ba ya ƙirƙirar ta. Mai cika randar nan wata na'ura ce a jikin inji da ake kira altaneta, wato mai yi wa batir caji muddin inji na aiki. Ita ce mai ga-ruwa. Idan mai ga-ruwa ya daina zuwa, ko sabuwar randa ka sayo, kwana biyu za ta ƙafe. Mutane da yawa sun sayi sabon batir, bayan mako guda suka koma shago da faɗa, alhali altanetarsu ce ta lalace, ko bel ɗin da ke juya ta ya saki.

Saboda haka a yi gwaji tukuna. Na farko ba ya buƙatar ko sisi. Ka kunna manyan fitilu, ka sa wani ya tsaya a gaban mota, ka murɗa makulli. Idan fitilun suka dusashe kamar za su mutu, to wuta ta yi ƙaranci. Ko batir ne, ko kuma kan batir ne ya yi lako-lako. Idan kuwa fitilu suna nan tar, amma inji bai ko motsa ba, ka fi zargin kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi.

Daga nan ka ɗaga bonet, ka dubi kawunan batirin. Ka kama wayar da ke kan kowanne, ka ɗan murɗa. Idan ta juya a hannunka, ka ga matsalar. Idan ka tarar da wani gari fari-fari, mai ɗan kore ko shuɗi, ya taru a kai, shi ma yana tare wa wuta hanya. Sau da yawa wankewa da ɗaurewa kawai ake buƙata.

Gwaji na gaba da mita ake yi, 'yar ƙaramar na'urar auna wuta da kowane mai gyaran wayar mota yake da ita. Ga lambobin, a saurara da kyau. Inji a kashe, mota ta huta, lafiyayyen batir cikakke yana nuna bolt 12.6, wato 12 da ɗigo 6. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta. Idan ya nuna 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Idan ya gaza 12, ya sauka sosai. Sai a tada inji a sake aunawa. Yanzu ya kamata a ga abin da ya kai 13.5 zuwa 14.5. Idan inji na aiki amma mita tana nan a kan 12 da 'yan kai, to altaneta ba ta caji. A gyara ta tukuna.

A nan zan ɗan tsaya in yi jan kunne. Akwai wani gwaji da ya zama ruwan dare a garejojinmu. Inji na aiki, sai a zare kan batir, wai in mota ba ta mutu ba, altaneta lafiya lau. Jama'a, wannan dabarar zamanin tsofaffin motoci ce, marasa kwamfuta. Motar yau tana da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Batir ne ke daidaita wutar da ke zuwa gare ta. Ka zare shi inji na aiki, wuta na iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar. Kuɗinta kuwa ya ninka na batir. In an zo yi wa motarka haka, ka ce a'a, a ɗauko mita.

Sai kuma shekaru. A ƙasashe masu sanyi batir kan kai shekara 4 ko 5. A nan wajenmu, in ya yi 2 ko 3, an gode Allah. Zafi ne babban makashinsa. Ku tuna bazarar Sakkwato, Maiduguri, Kano ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga kuma zafin inji a ƙarƙashin bonet. Ruwan ciki yana ƙafewa, farantan ciki suna zagwanyewa. Batirin da ya kumbura a gefe, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko aka yi masa caji da yamma ya kwana ya sauka, wannan kam ya gama aiki.

(KIƊA)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna maganar canza batirin mota. Mun tabbatar batir ne ya mutu. Yanzu sai kasuwa.

Kafin ka fita, ka ɗauki hoton tsohon batirin da wayarka, yana zaune a mazauninsa. Hoton ya nuna rubutun jikinsa, ya nuna wayoyin da ke kansa. Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko shagon bakin titin unguwarku, hoton nan zai raba gardama.

A jikin batir za ka ga lamba da haruffa biyu, A da h. Misali 45Ah, 62Ah, 75Ah ko 100Ah. Masu shago kan ce amf 62, amf 75. Wannan lamba tana nuna yawan wutar da batirin ke iya ajiyewa. Ka sayi irin wanda kamfanin motar ya tsara mata. Kada ka sauka ƙasa don neman araha. Hawa sama kaɗan ba laifi, in dai zai zauna daram a mazauninsa, bonet kuma ya rufe bai taɓa kawunansa ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne ɓangaren da kawunan suke. Batura biyu za su zo girma ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma na wannan fozitib yana dama, na wancan yana hagu. A batura masu lambar Japan, irin su 55D23L, harafin ƙarshe, L ko R, shi ke nuna wannan. Ka saya ba daidai ba, ka zo gida, wayoyin motarka ba za su kai ba. Daga nan ne ake fara ja da ƙarfi, ko a juya batir, a haɗa waya a inda ba nata ba.

Ka nemi kwanan watan da aka ƙera shi. Batir yana tsufa ko a kan kanta yake. Wanda ya haura wata 6 a ajiye ba a yi masa caji ba, ya fara rauni. Ka ce a ɗora masa mita a gabanka. Sabo ya nuna 12.5 ko sama. Ka dubi kawunan, in da sawun an taɓa ɗaure su, ka yi tambaya, don akwai tsofaffin da ake wankewa a manna musu sabuwar takarda. Ka karɓi rasit da takardar garanti, a rubuta ranar da ka saya. Mai shagon da ya ƙi ba da garanti, ni dai ba na ganin dalilin ba shi kuɗina.

Akwai motocin da zan ce a bar wa masu sana'ar. Motar da ke kashe kanta in ka tsaya a danja, ta tashi in ka ɗaga ƙafa daga burki, batirinta na musamman ne, za ka ga an rubuta AGM ko EFB. Wasu motocin Jamus, irin su BMW da Audi na baya-bayan nan, sai an sanar da kwamfutarsu cewa an sa sabon batir. Motar da ke haɗa fetur da lantarki kuwa, in ka ga wayoyi masu ruwan lemo, kada hannunka ya je wurin. Wutar da ke cikinsu tana kisa.

(KIƊA)

To jama'a, mun zo kan aikin kansa. Wanda yake da biro ya ɗauko.

Kayan aiki kaɗan ne. Sipana lamba 10, ita ce ke kwance kan batir a yawancin motoci. A ajiye lamba 12 da 13 a kusa, saboda ƙarfen da ke danne batirin. Safar hannu ta roba. Tabarau, ko da na rana ne, ya dai tare ido. Tsohon buroshi, tsumma, da ruwa mai tsabta a buta.

Ka ajiye mota a wuri mai iska, ƙasa a baje. Ka ja burkin hannu. Ka kashe inji, ka kashe fitilu da rediyo. Ka zare makulli ka sa a aljihu. Na ce a aljihu, domin wasu motocin, da zarar an mayar musu da wuta, sai su kulle ƙofofinsu da kansu. Makulli na ciki, kai kana waje.

Ba sigari, ba ashana, ba murhu a kusa. Batir yana fitar da wata iska da ake kira haidirojin. Ba a ganinta, ba ta da wari, amma tartsatsi ɗaya na iya tayar da ita, batir ya fashe, ruwan batir ya watsu a fuska. Ruwan batir kuwa kun san shi, yana cin fata, yana cin tufafi, yana makantarwa.

Ka cire zobe. Ka cire agogon ƙarfe. Hajiya, a cire awarwaro. Dalili na zuwa yanzu.

Kan batir biyu ne. Ɗaya yana da alamar tarawa, shi ne fozitib. Ya ɗan fi ɗan'uwansa kauri, galibi da jar hula a kansa. Ɗayan yana da alamar ɗebewa, shi ne negetib, galibi wayarsa baƙa ce. Amma kada ka dogara da launi. Motocinmu sun bi hannaye da yawa, an sha canza musu waya. Ka goge ƙura, ka ga alamar da idonka.

Yanzu ga dalilin ƙa'idar nan tamu. Ka bi wayar negetib da ido, ka ga inda ta nufa. Ba ta yi nisa ba, an ɗaure ta a jikin motar. Ma'ana, duk ƙarfen motar nan, daga inji har bonet, negetib ne. To ka ɗauka ka fara da fozitib. Ka ɗora sipana a kan notinsa, kana juyawa. Wutsiyar sipanar ta taɓa ƙarfen mota. Shi ke nan, ka haɗa kawunan batir biyu da sandar ƙarfe. Bolt 12 ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma batirin mota yana iya sako ɗaruruwan amf a lokaci guda. Za ka ji fau! Tartsatsi ya tashi. Sipana ta manne, ta yi zafi jawur. In zobe ne ya shiga tsakani, kafin ka zare hannu ya ƙona yatsa zagaye.

Amma in ka fara da negetib fa? Sipana ta taɓa jikin mota, babu abin da zai faru, domin dama a haɗe suke. Da zarar ka cire wayar negetib, ka raba jikin motar da batir. Daga nan ko sipana ta goga ƙarfen mota kana kwance fozitib, lafiya lau. Abin da ya rage ka kiyaye, kada ƙarfe ya haɗa kawunan biyu kai tsaye. Saboda haka kada ka taɓa ajiye sipana a saman batir. Negetib ke fara fita, negetib ke ƙarshen shiga.

To bismilla. Ka sassauta notin negetib, ba sai ka cire shi gaba ɗaya ba. Ka murɗa kan wayar hagu da dama, ka zare sama. In ya ƙi, kada ka doke shi da dutse ko guduma. Kan batir dalma ce, tana da taushi, duka na tsaga ta daga ciki. Ka ƙara sassautawa, ka ɗan buɗa bakinsa da sukundireba. Ya fita, ka lanƙwasa wayar gefe, ka naɗe ta da tsumma, don kada ta dawo ta taɓa inda ta baro.

Sai fozitib. Ka ɗaga hular, ka sassauta, ka zare, ka kawar. Sai ƙarfen da ke danne batirin. Ka lura da notocin, suna son faɗawa cikin inji.

Ka ɗago batirin da hannu biyu, a tsaye, kada ka karkata shi. Yana da nauyi, na ƙaramar mota ma kan kai kilo 12 zuwa 20. Mai ciwon baya ya nemi taimako.

Kafin sabo ya shiga, a yi shara. Garin nan fari da ke kan wayoyi da mazaunin batir, guba ce, kada a hura shi da baki. Ka jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi, kanwar nan dai ta kicin, ka zuba a kai. Za ka ga yana kumfa, kanwa ce ke kashe kaifin ruwan batir. Ka goge da buroshi har cikin bakin wayar ya yi haske, ka ɗauraye, ka tsane da tsumma. Ruwan kanwar nan na wayoyi ne da mazauni. Kada ko ɗigo ya shiga cikin batir.

Ka zaunar da sabon. Ka ɗauko hoton da ka ɗauka ɗazu, ka gwada. Tarawa tana inda tarawa take? Ka sake dubawa. Haɗa waya a juye, ko na daƙiƙa ɗaya ne, yana ƙona babban fiyus, yana iya kashe altaneta da ƙwaƙwalwar mota. Ka mayar da ƙarfen dannewa, ka ɗaure. Kada a raina wannan ƙarfe. Batirin da ke rawa a kan hanyoyinmu masu ramuka, farantansa kakkaryewa suke yi, ba ya daɗewa. Igiyar roba ba ta maye gurbinsa.

Yanzu a juya tsarin. Fozitib ke fara shiga. Ka danna shi ya zauna har ƙasa, ka ɗaure, ka rufe hularsa. Sannan negetib. Za ka iya ganin ɗan ƙaramin tartsatsi lokacin da ya taɓa, wannan ba komai, kayan wutar motar ne ke farkawa. Ka ɗaure har ya zama ba ya juyawa a hannu, ka tsaya nan. In bakin wayar ya buɗe ya ƙi kamawa, kada a cusa ƙusa ko guntun waya a tsakani. Sabon kai ba shi da tsada. A ƙarshe ka shafa ɗan giris ko basilin a sama, yana hana garin nan dawowa.

Ka kwashe kayan aiki, ka ƙirga su, ka tada mota. Agogo zai koma baya, sai ka saita. Wasu rediyoyin, musamman na tsofaffin Honda, za su nemi lambar sirri, yana da kyau a neme ta a takardun mota tun kafin a fara. Inji na iya ɗan rawa a tsaye na ɗan lokaci, kwamfuta ce ke sake koyon aikinta. In fitilar nan mai hoton batir ta ƙi mutuwa bayan inji ya tashi, ka nufi wurin mai gyaran waya a ranar.

In tsautsayi ya sa ruwan batir ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa. In ido ne, a buɗe shi a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti. Ba a sa kanwa a ido, ba a sa manja, ba a sa komai sai ruwa.

(KIƊA)

Saura magana ɗaya, masu sauraro, kuma iyaye mata a saurara da kyau. Ina za a kai tsohon?

Fiye da rabin nauyin batirin nan dalma ce. Tun da wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859, dalma da ruwan asid ne tushensa, har gobe. Mu kuwa mun san gubar dalma. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Can ma'adini ne, amma gubar ɗaya ce. A ƙasar Senegal kuwa, a Thiaroye kusa da Dakar, yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008, a unguwar da aka daɗe ana fasa tsofaffin batura ana narka dalmarsu.

Dalma ba ta nuna kanta da wuri. A hankali take taruwa a jikin yaro, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ta rage masa fahimta. Don haka kada tsohon batir ya kwana a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Kada a mai da shi kujera a ƙofar gida. Kada a fasa shi don a ciro dalma. Kada a tuntsurar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya.

Hanya mafi sauƙi, ka tafi da shi shagon da ka sayi sabon. Yawancinsu suna karɓa, har su rage maka kuɗi. Ka ɗora shi a tsaye a cikin but, a kan kwali, ka tokare shi kada ya faɗi. In ka dawo, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yaro ko ka sa hannu a kwano.

Lokaci ya cim mana. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a daidai wannan lokaci. A huta lafiya.